Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Tarihin Wutar Lantarki da Kuɗin Waje a Khartum da Omdurman

Gabatarwa

A ranar 14 ga Mayu, 2025, jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashoshin wutar lantarki a Omdurman, duhu ya lulluɓe jihar Khartum baki ɗaya. Da wuta ta ɗauke sai injinan tace ruwa suka tsaya, famfuna suka ƙafe, jama'a suka koma ɗibar ruwa kai tsaye daga kogi da rijiyoyi. Kafin watan ya ƙare, ma'aikatar lafiya ta Sudan ta ba da sanarwar cewa a cikin mako guda mutum kusan 2,700 sun kamu da cutar kwalara, 172 sun rasu, kuma mafi yawansu a jihar Khartum suke.

Wannan ya faru ne a wurin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, inda birane uku, wato Khartum da Omdurman da Bahri, suke fuskantar juna ta bakin ruwa, kuma inda rana take ƙwallewa kusan duk shekara. Shekara ɗari ke nan kamfanoni da bankuna da gwamnatocin ƙasashen waje suna zuba kuɗi a harkar wutar waɗannan birane. Tarihin wannan kuɗi ya nuna cewa gina madatsar ruwa da kafa inji abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da tabbatar da cewa wutar za ta ci gaba da zuwa ranar da mai ba da taimako ya juya baya.

Ma'anar wasu kalmomi

Makamashi mai tsafta shi ne wanda ake samu ba tare da ƙona fetur ko gas ko kwal ba, kamar na ruwa da hasken rana da iska. Tsaron makamashi kuwa yana nufin al'umma ta riƙa samun wuta da mai a kowane lokaci, a kan farashin da za ta iya biya, ba tare da tsautsayi guda ko fushin ƙasa guda ya jefa ta cikin duhu ba. Shi kuma taimakon waje iri-iri ne. Akwai kyauta wadda ba a biya, akwai rance mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, akwai kuma rancen da ake bayarwa da sharaɗin a ba kamfanonin ƙasar da ta ba da shi kwangilar aikin. Sudan ta ɗanɗana dukkan ukun.

Zamanin Turawa: wutar gwamnati da auduga

An fara kunna wutar lantarki a Khartum a shekarar 1908, da wani injin kilowat 100 da aka kafa a unguwar Burri, a bakin Shuɗin Nilu. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, kuma wutar ta fi amfanar ofisoshi da gidajen ma'aikatan gwamnati. A 1925 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanonin Ingila, aka kafa kamfanin Sudan Light and Power, aka danƙa masa wuta da ruwan famfo da jiragen ƙasa na cikin gari. A ƙarƙashin wannan shiri ne aka buɗe gadar Farin Nilu a 1928, wadda ta haɗa Khartum da Omdurman. Sai a 1952, shekara huɗu kafin samun 'yancin kai, gwamnati ta saye hannun jarin kamfanin.

Madatsun ruwa na farko ba don wuta aka gina su ba. Ta Sennar, wadda aka kammala a 1925, an yi ta ne don shayar da gonakin auduga na Jazira, audugar da masaƙun Ingila suke jira. Wannan yanki sananne ne ga Hausawa, domin kusa da Sennar ne garin Mai Wurno yake, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausawa da Fulani, mazauna da maniyyata aikin hajji masu yada zango, suna cikin waɗanda suka riƙe aikin gonakin Jazira da ƙarfinsu. Ita kuwa madatsar Jabal Auliya, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum, Masar ce ta biya kuɗin gina ta a 1937 don ajiye wa kanta ruwa, kuma ba ta miƙa ta ga Sudan ba sai a 1977. Tun daga farko ke nan, buƙatar mai kuɗin ce take zaɓar abin da za a gina da inda za a gina shi.

Bankin Duniya da Shuɗin Nilu

Bayan 'yancin kai, yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan kuma biliyan 18.5. Wannan ne ya buɗe ƙofar rance, domin masu ba da bashi ba sa son saka kuɗi a kogin da ake taƙaddama a kansa. A 1961 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 19.5 don gina madatsar Roseires, reshensa mai tallafa wa ƙasashe matalauta, wato IDA, ya ƙara dala miliyan 13, Jamus ta Yamma ma ta kawo nata. An kammala madatsar a 1966, aka fara samun wuta daga gare ta a 1971, daga baya ƙarfinta ya kai megawat 280. Kafin nan, a 1962, an riga an kafa ƙaramar tasha mai megawat 15 a Sennar. Dogon layi mai nisan kusan kilomita 500 shi ne ya riƙa ɗauko wutar Roseires zuwa babban birni.

Wutar ruwa tana da araha da tsafta, amma Shuɗin Nilu kogi ne mai hali biyu. Da damina ambaliya tana gangarowa daga tsaunukan Habasha da laka da itatuwa, su toshe bakin injina, wuta ta ragu. Da bazara kuma, lokacin da zafi ya tsananta a Khartum har kowa yana neman fanka, ruwan da aka tara ya riga ya ja baya. Saboda haka dole aka riƙa cike giɓin da tashoshi masu ƙona mai a Burri da Bahri, man kuma sai an sayo shi da dala daga waje. Da farashin fetur ya hau a duniya a shekarun 1970, bashi kuma ya yi wa gwamnatin Ja'afar Numairi katutu, ɗauke wuta ya zama ruwan dare a biranen uku.

Gawayi da kurfoti: gwajin farko na gina kasuwa

Ko a lokacin da ake maganar megawat, mafi yawan gidajen Omdurman da Khartum da gawayi suke girki, ana kawo shi cikin manyan motoci daga dazuzzukan da suke ƙara nisa kowace shekara. A farkon shekarun 1980 hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ta tallafa wa wani shirin makamashi mai sabuntuwa tare da majalisar binciken makamashi ta Sudan, Jamus ta Yamma ma ta gudanar da nata a gefe. Abin da aka fi tunawa da shi daga wannan shiri shi ne wani kurfoti da ake kira kanun al-dugga, wanda aka tsara don ya ci ɓurɓushin gawayin da a da ake zubarwa a wurin dillalai. Maimakon a raba shi kyauta, sai aka koya wa maƙera na gari yadda ake yin sa, aka bar su su sayar a kasuwa. Tunanin shi ne idan mai ƙerawa yana cin riba, mai saye kuma yana rage kuɗin gawayi, to abin zai ci gaba ko bayan baƙi sun tafi.

Wannan shi ne abin da a yau ake kira gina kasuwar makamashi mai tsafta, kuma Khartum ta gwada shi shekara arba'in da suka wuce. Sai dai bai samu lokacin yin jijiya ba. A 1986 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya daina ba Sudan rance saboda bashin da ta kasa biya. A ƙarshen Yunin 1989 Umar al-Bashir ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati, taimakon raya ƙasa na Amurka ya yanke, a 1993 Bankin Duniya ma ya rufe asusunsa. A wannan shekarar ce Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashen da ta ce suna goyon bayan ta'addanci, sannan a Nuwamban 1997 ta ƙaƙaba mata takunkumin tattalin arziki. Takunkumin ya shafi wuta kai tsaye, domin sayen kayan gyaran injina da tura kuɗi ta banki sun zama jan aiki.

Fetur, Sin da ƙasashen Larabawa: madatsar Merowe

Da ƙofar Yamma ta rufe, sai ta Gabas ta buɗe. A 1999 Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai, a 2000 kuma matatar al-Jaili, wadda aka gina tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a arewacin Bahri, ta fara aiki. A kusa da ita aka kafa tashoshin wuta na Garri. Fetur ya zama jinginar da masu ba da rance suke kallo, kuma da shi ne aka samu ƙarfin gwiwar fara aiki mafi girma a tarihin wutar ƙasar, wato madatsar Merowe, kimanin kilomita 350 arewa da Khartum.

Kuɗin ya fito ne daga bankin Exim na Sin da asusun raya ƙasashen Larabawa da asusun Saudiyya da na Kuwait da na Abu Dhabi da ƙasar Oman. Kamfanonin Sin ne suka yi ginin da jan layuka, kamfanin Lahmeyer na Jamus ya kula da aikin injiniya, Alstom na Faransa ya kawo injina goma, kowanne mai megawat 125. Jimillar megawat 1,250 ta kusa ninka wutar da ƙasar take da ita a lokacin. Al-Bashir ya ƙaddamar da madatsar ranar 3 ga Maris, 2009, kwana ɗaya kafin kotun duniya mai hukunta manyan laifuka ta ba da sammacin kama shi saboda Darfur.

Na wasu shekaru mutanen Khartum da Omdurman sun ga sauƙi, sababbin unguwanni suka samu wuta, na'urorin sanyaya ɗaki suka yawaita. Amma wasu ne suka biya farashin wannan haske. Tafkin da madatsar ta tara ya kai tsawon kusan kilomita 170, ya cinye gonaki da itatuwan dabino na al'ummomin Manasir da Amri da Hamdab, mutum fiye da 50,000 suka rasa matsuguni. A Afrilun 2006 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan masu ƙin tashi a Amri, aka kashe mutum uku. Masu ba da rancen ba su gindaya sharuɗɗa masu tsauri a kan diyya da sake tsugunarwa ba, kuma wannan sassauci yana cikin abin da ya sa gwamnati ta fi son kuɗinsu.

Ayyuka sun ci gaba a kan wannan turba. A 2013 aka ƙara wa Roseires tsawon mita 10 da kuɗin asusun Larabawa, aka kuma haɗa layi da Habasha. A 2016 aka buɗe tashar Kosti mai megawat 500, wadda kamfanin BHEL ya gina da rancen Indiya, tana ƙona ɗanyen mai. A 2017 madatsun Atbara ta Sama da Setit suka zo da megawat 320. To amma tun ranar 9 ga Yuli, 2011, da Sudan ta Kudu ta ɓalle, kusan kashi uku cikin huɗu na fetur ya tafi da ita. Bashin da aka ci da sunan fetur ya rage a wuyan Khartum, dalar sayen mai da kayan gyara ta yi ƙaranci, gwamnati kuma ta ci gaba da sayar da wuta ƙasa da kuɗin samar da ita don gudun fushin jama'a. Sai ɗauke wuta ya dawo, ga layukan mai da na burodi.

Shekaru biyu na alkawari

Zanga-zangar da ta tashi a Disamban 2018 ta kai ga faɗuwar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu, 2019, a watan Agusta kuma Abdalla Hamdok ya zama firaminista. Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a wannan shekarar ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a ne kawai suke kan layin wutar ƙasa, kuma tallafin gwamnati ya fi amfanar masu hali na birni, tun da su ne masu shan wuta da yawa. Fiye da rabin wutar daga ruwa take fitowa, amma rabon hasken rana bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ƙananan ayyuka sun nuna hanya. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta tallafa wa manoman jihar Arewa su sauya injinan ban ruwa masu shan dizal da masu amfani da sola, a 2021 kuma ta kai injin iska na farko Dongola. A al-Fashir an kafa tashar sola mai megawat 5. A ƙarshen 2020 Sudan ta sa hannu a kan takardar fahimtar juna da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa don tashoshin sola na megawat 500. Manufar masu ba da taimako a wannan karo ita ce a jawo 'yan kasuwa masu zaman kansu su zuba jari, kuma ɗan kasuwa ba zai gina tasha ba sai ya tabbata mai sayen wutar zai iya biyan sa.

Saboda haka aka nemi gwamnati ta fara gyara farashi, ta kuwa yi. A Janairun 2021 aka ninka kuɗin wuta sau da yawa. A Fabrairu aka karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya. A Yuni aka cire tallafin fetur da dizal, a Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. A ɗaya ɓangaren, Amurka ta cire Sudan daga jerin ta'addanci a Disamban 2020, ta ba ta rancen wucin gadi na dala biliyan 1.15 a Maris 2021 don ta biya Bankin Duniya bashin da ya taru, bankin kuma ya yi alkawarin kimanin dala biliyan 2. A ƙarshen Yuni aka amince a fara yafe mata mafi yawan bashin da ya haura dala biliyan 50. An kuma ƙaddamar da shirin Thamarat, mai ba kowane mutum kwatankwacin dala 5 a wata don rage raɗaɗi.

Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Janar Abdel Fattah al-Burhan ya rushe gwamnatin riƙon ƙwarya. Nan take Amurka ta dakatar da dala miliyan 700, bayan kwana biyu Bankin Duniya ya tsayar da biyan kuɗi, maganar yafe bashi ta tsaya cak. Masu ba da taimako suna da hujja, domin ba sa son kuɗinsu ya ƙarfafa masu juyin mulki. Amma ga magidanci a Omdurman sakamakon a fili yake: tsadar da aka ɗora masa ta zauna, har aka sake ƙara kuɗin wuta a farkon 2022, tashoshin sola da aka yi masa alkawari kuwa ba su zo ba.

Yaƙi da rufin gidaje

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojoji da dakarun RSF ya tona raunin da aka daɗe ana ginawa a kai. Wutar miliyoyin mutane ta rataya ne a kan madatsu kaɗan, da dogayen layuka, da wasu 'yan tashoshin rage ƙarfi. A Janairun 2025 hare-haren jirage marasa matuƙa, waɗanda hukumomi suka ɗora alhakinsu a kan RSF, suka sami tashar Merowe, duhu ya game jihohi da dama. A cikin watan ne gobara ta cinye sashe mai yawa na matatar al-Jaili. Da sojoji suka karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris, waɗanda suka koma Khartum sun tarar an haƙe wayoyin ƙarƙashin ƙasa, an farfasa taransifomomi don cire jan ƙarfe. Harin Mayu a Omdurman da kwalarar da ta biyo baya sun zo ne a kan wannan kango.

A cikin wannan hali ne sola ta samu kasuwar da tarurruka suka kasa samar mata. Farantan sola na ƙasar Sin, waɗanda farashinsu ya faɗi ƙwarai a duniya, suka bayyana a rufin gidaje da shaguna, galibi da kuɗin da 'yan uwa mazauna Saudiyya da sauran ƙasashe suke aikowa. Ƙungiyoyin agaji da kwamitocin unguwanni suka riƙa sanya su a rijiyoyin burtsatse da asibitoci. Faranti dubu da suke warwatse a rufi dubu ba sa faɗuwa da hari guda. Sai dai kasuwa ce ta mai hali: wanda ba shi da ɗan uwa a waje ba ya iya sayen batir, kuma rufin gida ba zai iya tuƙa babbar tashar tace ruwa ko masana'anta ba.

Kammalawa

Sau huɗu masu kuɗi suka sauya a wannan tarihi: kamfanonin Ingila, Bankin Duniya da ƙasashen Yamma, Sin da ƙasashen Larabawa, sannan Yamma ta sake dawowa na ɗan lokaci. Kowannensu ya bar abin a zo a gani, kuma ba don su ba da Roseires da Merowe ba su tsaya ba. Amma kowannensu ya zo ne da dalilinsa, ya tafi da dalilinsa, gwamnatocin Sudan kuma sun fifita babban aikin da za a yanka wa kirtani a kan gyara da kula da tara kuɗin wuta ta hanyar adalci.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan labari. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, abin da ya ƙara wa tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 daraja. A Oktoban 2024 kuma lalacewar manyan layuka ta bar Kano da Katsina da sauran jihohin arewa kwanaki cikin duhu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yanzu da ake maganar sake gina Khartum da Omdurman, za a sake neman kuɗin waje, domin ɓarnar ta fi ƙarfin aljihun ƙasar. Abin lura shi ne ko wannan karo za a fara da tashoshin ruwan sha da asibitoci, a ba kowannensu wutar kansa, a horar da masu gyara na gida, kafin a koma ga manyan ayyukan da hari ɗaya ko sanarwa ɗaya daga wata ƙasa take iya kashewa.